Ɗamarar da Mungo Ritson Ya Ƙi Ɗaurawa

Duk wanda ya hau gangaren garinmu Thornbeck zai ga wata katangar dutse da ta tashi daga bakin rafi ta miƙe har kan tsauni. Aikin yayana ne, Mungo Ritson. Babu laka a jikinta, dutse ne kawai aka ɗora a kan dutse, ga shi yau shekara arba'in tana tsaye tumaki na goga jiki da ita. Amma in ka tambayi tsofaffin garinmu wane ne Mungo, ba da katanga za su fara ba. Cewa za su yi, "Au, mutumin nan da ya ci ɗamarar kokawa ya binne ta a akwatin garin hatsi?" To ni ce ƙanwarsa Aggy, kuma tunda ina cikin waɗanda ya zarga a kan ɗamarar nan, ina ga ba wanda ya fi ni cancantar ba da labarin.

Tun muna yara Mungo ba ya yarda da abu sai ya juya shi ya ga ƙasansa. Ka miƙa masa tuffa, zai tsaya neman inda tsutsa ta shiga. Ka ce masa ruwa ya ɗauke, sai ya leƙa waje. Mahaifinmu, wanda shi ma maginin katanga ne, yakan ce halin nan ba daɗin zama da shi a gida, amma a bakin aiki yana da rana, don Mungo bai taɓa ajiye dutse ya wuce ba sai ya girgiza shi ya ji ya zauna. Mahaifinmu ne kuma ya koya masa kokawa a filin bayan coci.

"Haɓarka a kafaɗarsa, hannuwanka a bayansa, ka sarƙe yatsunka," haka yake ce masa. "Gwiwarka ta taɓa ƙasa, ka faɗi. Yatsunka suka rabu, ka faɗi, ko da kana tsaye kamar hasumiyar coci. Ka ji ko?"

Mungo bai iya salo ba. Ba ya ɗaga mutum ya wulwula shi a iska yadda 'yan mata ke son gani. Tsayuwa ya iya. Zai kafa ƙafafunsa ya bar ka ka yi ta fama har numfashinka ya ƙare, sannan ya kwantar da kai a hankali kamar mai ajiye buhu. Shi ya sa aka laƙaba masa Ginshiƙi. Yana da shekara ashirin da shida ya auri Dinah, wadda ta gaji haɗa magani a wurin uwarta. Man shafawa na ciwon gaɓɓai, na kofaton tumaki, na tsagewar hannu, duk wurinta ake zuwa. Mace ce mai yawan dariya, amma in ka ba ta sirrinka ka ba rijiya. Ba mu san halin nan nata zai zame musu masifa ba.

Zakaran duk yankinmu a shekarun nan Gawen Birkett ne, mai tsaga faifan dutse na rufin ɗaki a mahaƙar da ke ƙetaren tsauni. Ɗamara bakwai ke rataye a bangon ɗakinsa. Dogo ne, mai surutu, mai tsokana, kuma ba a taɓa ganin ya daɗe da mutum a fili ba. Kafin ka gyara zama ya gama.

A shekarar 1812, bayan askin tumaki, aka yi babbar kokawa a kasuwar Ellergarth. Mutum sittin da huɗu suka ba da suna. Muka tafi a amalanken maƙwabci, ni da Mungo da Dinah. Da safe, kafin a fara, Gawen ya tare ni a gaban rumfar masu toye-toye ya saya mini waina mai citta.

"Aggy 'yar Ritson," ya ce, "ki gaya wa yayanki ya zaɓi ciyawa mai laushi tun yanzu, don yau zai kwanta."

"Kai dai ka zaɓi taka," na ce, na karɓi wainata na cinye. Mungo na tsaye can yana kallonmu. Ya ajiye abin a ransa.

A zagaye na biyu ƙuri'a ta haɗa wani makiyayi da ƙanin matarsa, sai ƙanin ya zauna a ciyawa a gaban kowa ya ce ya bar masa. Aka yi dariya aka wuce, don wannan ba laifi ba ne in dai a fili ka yi. Abin kunya shi ne ka kama, ka yi ta nishi kamar da gaske, sannan ka saki a ɓoye. Da wanda ya saki da wanda aka sakar wa, dukansu sunansu ya ɓaci ke nan.

Da la'asar ta yi, saura mutum biyu, Gawen da Mungo. Masu caca duk suka zuba kuɗinsu a kan Gawen, in ban da Joss Fearon mai gidan giya, wanda ya zuba nasa a kan Mungo yana murmushi.

Suka kama. Gawen ya ɗaga, Mungo bai ɗagu ba. Ya sa ƙafa ta ciki, ya sa ta waje, ya juya ƙugu, ya koma ya sake. Mungo na nan kamar an dasa shi. Aka yi ta yi har inuwar rumfuna ta iso tsakiyar fili, mutane suka fara gajiya.

"In son juna kuke yi ku je coci a ɗaura!" wani ya yi ihu daga baya.

"Ginshiƙi ya yi saiwa, a kawo gatari!"

Daga baya Mungo ya gaya mini Gawen ma tsokanarsa yake yi a kunne: "Kai ba ka da gida ne? Faɗi mana mu je mu ci abinci."

Kusan rabin sa'a suna haka. Sai kwatsam muka ga hannuwan Gawen sun rabu a bayan Mungo. Ba wanda ya faɗi. Su biyun suna tsaye, amma alƙalai suka ɗaga hannu, fili ya ɗauki sowa. Gawen ya yi murmushi ya daki kafaɗar Mungo, ya ce, "Ka ci, Ginshiƙi." A cikin sowar nan ne wata murya, har yau ban san ta wa ba ce, ta ce, "An sayar da kokawa!" Aka yi masa tsawa ya yi shiru. Amma Mungo ya ji.

A hanyar gida yana zaune a bayan amalanke, ɗamarar na kan gwiwarsa. Faɗinta ya kai tafin hannu, maɗaurinta na tagulla sai ƙyalli yake. Ni ina waƙa, Dinah na taya ni, shi ko kallonmu bai yi ba. Sai da muka wuce gada ya buɗe baki.

"Ban yi komai ba."

"Kamar yaya ba ka yi komai ba, Yaya? Ga ta nan a cinyarka."

"A lokacin da ya saki ba na matsa shi. Numfashi nake ja. Na ji a bayana, ƙaramin yatsa ya fara buɗewa, sai na kusa da shi, sai sauran suka zame. Wanda aka fi ƙarfi ba haka yake saki ba. Fizge shi ake yi."

"Mungo, ka ci, kowa ya gani," in ji Dinah, amma idonta na kan hanya. Ya daɗe yana kallon gefen fuskarta.

Ranar Lahadi gari duka ya taru a ƙofar coci tun kafin a kaɗa ƙararrawa, don wanda ya ci ɗamara da ita yake zuwa sujada, a ɗaure a kan rigarsa, kuma Thornbeck ba ta taɓa samun nata ba. Har tsofaffin da ba sa iya hawa gangaren aka riƙo su. Sai ga Mungo ya taho da tsohuwar rigarsa, ƙugunsa wayam.

"Ina take, Mungo?" Fasto ya tambaya. "Na shirya wa'azi a kan Yakubu na Littafi Mai Tsarki da ya kwana yana kokawa da mala'ika, kai kuma ka zo mini hannu wofi?"

"Sai na san tawa ce, Fasto," ya ce, ya wuce ciki.

Da muka koma gida ya naɗe ta ya tura ta can ƙasan akwatin gari, inda Dinah ke ɗiban na kunun safe. Tun daga ranar bai ƙara shiga fili ba, ko na wasa.

Da Joss Fearon ya fara. Ya taka har Ellergarth, tafiyar rabin yini, ya same shi yana wanke kofuna.

"Me ya sa ka zuba a kaina?"

"Sannu da zuwa, ba ko gaisuwa? Na ga abin da ka ci da safe ne. Na ce wanda ya tashi da rabin cinyar rago ba mai ɗaga shi."

"Na gan ka da Gawen a bayan rumfa kuna raɗa."

"Makewayi yake tambaya, bawan Allah! Ka so in yi shela ne?"

Masu shan giya suka fashe da dariya. Mungo ya dawo ya ce mana amsar ta fito da sauri fiye da kima, wanda ba shi da abin ɓoyewa yakan tsaya ya tuna. Da kaka ta yi muka ji Gawen ya sayi saniya. Mungo ya ce, "Kun ji ko?" Muka ji kuma bai ba da suna a kokawar da ta biyo baya ba, wai ya gaji da ita. Mungo ya ce, "Mutum mai ɗamara bakwai, a shekara talatin da uku, ya gaji?" Gaskiya ni ma a nan sai da na fara shakka.

Shekara ta biyu ya zo kaina. Ina tatsar saniya ya tsaya a bakin ƙofar garke, ya tare mini haske.

"Aggy, wainar nan."

"Wace waina?"

"Ta Ellergarth. Me ya ce miki bayan na juya baya?"

"Yaya, kana nufin Gawen Birkett ya zubar da ɗamara don ya samu shiga wurina? Ni da karkatattun haƙoran nan nawa? Mutumin da ke da mata da 'ya'ya huɗu?"

"Ban ce ba. Tambaya nake."

"To ka tambayi saniyar nan, ta fi ni haƙuri."

Ya tafi, amma wata uku yana duban bakina duk lokacin da aka ambaci ƙetaren tsauni. Da na auri Wat, mai aiki a injin niƙa, sai da Mungo ya bincika ko suna da dangantaka da gidan Birkett.

Abin da ya fi ci masa rai kuwa shi ya bari a ƙarshe, don yana tsoron amsarsa. Ashe a ranar kokawar, da tsakar rana, ya hango Dinah a bayan wata amalanken ciyawa tana miƙa wa Gawen wani abu a naɗe da tsumma. Shekara uku yana riƙe da wannan bai furta ba. Ranar da ya furta ina gidan, ina taya ta gyaran ulu.

"Me kika ba shi?"

Dinah ta ajiye abin da ke hannunta. Ba ta tambayi wa yake nufi ba, ba ta tambayi yaushe ba, kuma wannan ma sai da ya lura da shi.

"Ba zan iya faɗa ba, Mungo. Na ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki na rantse."

"Ga mijinki?"

"Ga kowa. Abin da zan iya gaya maka shi ne babu abin kunya a ciki, gare ka ko gare ni. Ka fito da ɗamararka ka ɗaura."

"Ke kika roƙe shi ya sakar mini."

"Ban roƙe shi ba."

"To me kika ba shi?"

Ta ɗauki ulunta ta ci gaba. Ni kaina, Allah ya yafe mini, na tafi gida ranar ina saƙe-saƙe a raina game da ita.

Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, ko murya. Abin da ya yi ya fi wannan sanyi. In ta zuba masa kunu sai ya ce na gode, kamar baƙo. In ta fita kai wa wani magani sai ya tambayi gidan wa, in ta dawo ya dubi takalminta ya ga irin ƙasar da ta taka. Dariyar nan tata da ake ji tun daga rafi ta ragu har ta ɓace. Kowace safiya in ta sa ludayi a akwatin gari sai ta taɓo ɗamarar nan. Na taɓa shigowa na same ta ta fito da ita tana shafa mata kitse kada fatar ta tsage, ta mayar da sauri ta rufe.

Sau ɗaya ya ƙetare tsauni ya tambayi Gawen da kansa. Gawen ya tsaya a ƙofar gidansa, hannayensa a aljihu, ya ce, "Ka ci, Ginshiƙi, je ka gida ka huta." Mungo ya ce ko hannu bai ba shi ba, kuma mai gaskiya ba ya ƙin ba da hannu.

Haka aka tafi shekara goma sha ɗaya.

A bazarar 1823 aka ba Mungo aikin katangar gangaren nan da na ambata da farko. Katanga irin wannan mutum biyu ke gina ta, ɗaya a kowane gefe suna fuskantar juna, kowa na tayar da tasa fuskar. Abokin aikinsa na dā ya koma bakin teku, don haka Mungo na neman wani. Sai ga Gawen Birkett a ƙofar gida wata safiya, ya rame, kansa ya yi furfura, da safar hannu ta ulu a hannun hagu duk da zafin da ake yi.

"Na ji kana neman wanda zai sa maka hannu," ya ce. "Mahaƙa ta sallame ni."

"Don me?"

"Sun ce na tsufa. Ka san su."

Mungo ya dube shi daga hula har takalmi. Ya dubi Dinah, wadda ta tsaya da tsintsiya a hannu ba ta motsi. Sannan ya ce, "Gobe da sassafe."

"Yaya, ka haukace?" na ce masa da na ji.

"Wata huɗu zai yi a gabana, tsakaninmu taki ɗaya. Bari in ga ƙaryar da za ta kai wata huɗu."

To fa, nan aka yi kallo. Mutum biyu a kan gangare, ɗaya na surutu ɗaya na sa ido. Gawen ya yi ta ba da labarin kokawar da ya yi a garuruwa, Mungo na jefa masa tambaya a tsakiya kamar ba da nufi ba.

"Saniyar nan da ka saya, tana nan?"

"Wace? Au, waccan. Gadon kakata ne na juya. Ta mutu tuni."

"Kakar ko saniyar?"

"Dukansu, Ginshiƙi. Miƙo mini wancan mai faɗin."

Mungo ya lura Gawen da dama yake ɗaukar dutse, hagun tallafawa kawai yake da gaɓar hannu. Ya ce mini lalaci ne, ko kuma wata dabara ce da bai gano ba tukuna. Safar kuwa ya ce yanga ce ta tsofaffin zakaru.

A mako na biyar, ranar Talata, ni da Dinah muka hau kai musu burodi da cuku. Mun same su katanga ta kai gwiwa, lokacin da ake ɗora dogayen duwatsun nan da ke ratsa ta daga wannan fuska zuwa waccan su ɗaure ta. Sun samu wani mai nauyin gaske, wanda ba ya ɗaukuwa da hannu ɗaya. Gawen ya yi ɗan jim, sannan ya cire safar da haƙori ya jefar, don ulu na santsi a jikin dutse. Suka rungume shi daga gefe biyu, ƙirji kusan a haɗe, hannun Gawen na hagu a kan na Mungo ta ƙarƙashin dutsen. Suka ɗaga. Wurin zamansa bai daidaita ba, suka riƙe shi a sama Mungo na gyara ƙananan duwatsu da gwiwa.

"Yi sauri," in ji Gawen.

"Riƙe dai."

"Na ce ka yi sauri!"

Dutsen ya zame ya sauka a kan ƙafar Mungo. Na ji ƙarar takalmin katako ya tsage. Dinah ta yar da kwando ta ruga. Amma Mungo bai yi ihu ba, bai ma dubi ƙafar ba. Hannun Gawen ya cafke ya ɗaga shi sama yana kallo. Yatsu biyu na ƙarshe sun lanƙwashe sun bushe, naman gefen tafin ya zube.

"Ƙaramin ya fara," Mungo ya ce a hankali. "Sai na kusa da shi. Sai sauran."

Gawen ya so ya janye, ya kasa. Ya zauna a kan katangar ya sauke numfashi.

"Tun yaushe?"

"Tun watanni kafin Ellergarth. In na daɗe ina riƙe abu sai su mutu, ba na jin su. Da hannun nan nake riƙe ƙarfen tsaga, Mungo. Da shugaban mahaƙa ya ji, a makon zai kore ni, ga 'ya'ya huɗu. Gara a ce na sayar da kokawa da a ce hannuna ya mutu. Shekara goma sha ɗaya na ci da su da ɓoyon nan kafin a gane." Ya juya wajen Dinah. "Na sauke miki rantsuwar, Dinah. Faɗa masa."

"Man shafawa ne," ta ce. Tana durƙushe tana cire masa fasasshen takalmin, ba ta ɗago ba. "Kitsen agwagwa da ganye. 'Yar tukunya ɗaya. Kuma ko amfani bai yi masa ba." Sai ta fashe da kuka, irin na wanda ya daɗe yana jiran wuri.

Mungo ya saki hannun Gawen. Can ya ce, "Ashe dai ba ni na ci ba. Hannunka ne ya kayar da kai."

"Kai, wannan mutum!" Gawen ya miƙe tsaye. "Mutum biyar na kayar a ranar da hannun nan, ba wanda ya kai ni minti biyu. Na san in na gama da wuri ba zai ci amanata ba. Wa ya tsaya mini rabin sa'a kamar kututture har hannun ya mutu? Kana ganin don daɗin ƙamshinka nake roƙonka ka faɗi? Da na samu yadda zan yi, da haƙarƙarinka na karya na tafi da ta takwas. Saki? Ni in sakar maka? Ko uwata ban sakar wa ba!"

Mungo ya dube shi, ya dubi matarsa da ke ɗaure masa yatsun ƙafa da gyalenta. Ya ɗora hannu a kanta, abin da ban ga ya yi ba tun ina budurwa.

"Dinah," ya ce. Ya tsaya nan, don bai san hanyar sauran maganar ba.

"Rufe mini baki ka riƙe nan," ta ce. "Biyu sun karye."

Mu uku muka sauko da shi gangaren, Gawen a dama ni a hagu, yana ɗingishi yana ce mana mu kula da inda muke takawa.

Ranar Asabar ya fito da ɗamarar da kansa ya kakkaɓe garin. Fatar na nan da laushinta kamar jiya aka jeme ta, ya dubi Dinah, ita kuma ta dubi rufin ɗaki. Da ya zo ɗaurawa ta ƙi kaiwa, don shekara goma sha ɗaya na kunu da cuku sun taru a gabansa. Dinah ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, na jiyo ta daga gidana na fito a guje. Sai da baduku ya ƙara mata wani yanki a baya.

Lahadi ya shiga coci da sanda, ƙafa ɗaya a takalmi ɗaya a naɗe, tagulla na ƙyalli a cikinsa, Dinah a gefensa, Gawen a bayansu da hannunsa a fili. Rabin waɗanda suka jira shi a ƙofa a wancan karon suna kwance a maƙabarta. Yara na tambayar iyayensu wace kokawa aka yi da ba su ji ba. Fasto, wanda ya tsufa har sai an riƙe shi yake hawa mumbari, ya ce wa'azinsa na Yakubu yana nan a aljihu, sai dai ɓera ya ci rabinsa.

Su biyun suka ƙarasa katangar kafin sanyi ya shigo, suka kuma gina wasu shida bayanta. Gawen na jera fuskar katanga, Mungo na ɗaukar duwatsu masu nauyi. Da Dinah kuwa, bai taɓa iya ba ta haƙuri da baki ba, amma ya daina duban takalminta, kuma har ta rasu shi yake ɗebo mata ruwa daga rafi.

Kada ku ce ya sake hali. Mako biyu bayan cocin nan ya zo gidana, ya zauna ya miƙe ƙafarsa mai ciwo a kan kujera, ya jira Wat ya fita.

"Aggy," ya ce ƙasa-ƙasa, "dutsen nan da ya sakar mini a ƙafa. Kina ganin ba da gangan ya yi ba, don in yarda?"

"Yaya, ka ƙara faɗa, in ɗauko guduma in daidaita maka ɗayar."

Ya yi dariya, amma idonsa bai gama dariyar ba.

Dutsen yana nan a jikin katangar, daidai bishiya ta uku in ka taso daga rafi, ya ɗan fi sauran fitowa waje. Mungo ya yi shekara ashirin da biyu bayan haka yana bin hanyar, kuma bai taɓa wuce shi ba sai ya tsaya ya kama shi da hannu biyu ya girgiza.